Sunan Ɗan Farina

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Nawa tun da aka yaye shi yayana ya ɗauke shi zuwa Gaya, a can ya tashi. In ya zo Ajingi gaishe ni, "kai" nake ce masa, ina kallon wani wuri.

Da ya gama karatu ya sami aikin gwamnati irin wanda ba a kamawa sai jami'an tsaro sun tantance mutum har asalinsa. Ya shaida musu ni ne mahaifinsa.

Muna tsinkar gyaɗa a ƙofar gida wasu mutum biyu suka sauka daga babur. Bayan gaisuwa ɗayansu ya ambaci sunan yaron, ya ce, "Baba, ɗanka ne?"

Maƙwabta na zaune. Na ce, "Ɗan yayana ne, na Gaya." Haka na saba faɗa, kuma kowa a wurin ya san abin da nake nufi. Baƙin ne ba su sani ba. Suka rubuta, suka tafi.

Sa'o'insa suka kama aiki, shi aka ce ya yi ƙarya kan mahaifinsa. Bai faɗa mini ba. Yayana ne ya zo ranar kasuwa, ko zama bai yi ba ya ce, "Kunyarka za ta cinye wa yaro aiki. Tashi mu ga lauya."

Lauyar mace ce, sa'ar 'ya'yana. Ta ce za ta nemi a sake duba maganar, amma sai na rantse a kotu cewa ni na haife shi.

Na ce, "Yayana ba zai yi a madadina ba?"

"Baba, shi ya haife shi?"

Yayana ya ce, "Ni tuwo kawai na ba shi."

A kotu magatakarda ya tambayi sunan ɗana. Yaron na tsaye a bayana. Na faɗa ƙasa-ƙasa, har aka ce in ɗaga murya na maimaita.

An wanke shi, ya kama aiki a bayan sa'o'insa. Ba jinkirin ne ya fi damuna ba. A adaidaitar da ta ɗauko mu daga kotu yaron ya ce, kansa a ƙasa, "Baba, ban taɓa jin sunana a bakinka ba sai yau." Shekaru ina cewa ɗan yayana ne a gabansa, ban taɓa tunanin yadda yake jin maganar ba.