Likita Bai Hana Ba

Ni ce 'yar farin Inna, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take ce mini, har na haura arba'in. Ba ta roƙona abu, ba ta musu da ni. In tana son wani abu a wurina, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ni kuma in tsinta. Haka kunyar ɗan fari take a gidanmu a Yawuri.

Ban zauna a aji ba sai da na aurar da 'yata ta biyu. Daga ajin yaƙi da jahilci na fara, na bi ta Islamiyya, har Allah ya kawo ni karatu Alƙahira. A ajinmu, 'yan mata sa'o'in 'ya'yana ne. Suna ce mini Hajja, suna danne dariya in harshena ya sarƙe a karatu. Na tsani dariyar nan, kuma na rantse ba zan ƙara ba su abin yi ba.

A shekarata ta uku Inna ta zo aka cire mata yanar ido. Ni ce tafinta tsakaninta da likita, don ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya. A zuwanmu na ƙarshe na tambaye shi maganar shiga ruwa. Ya ce khalas, wato shi ke nan, wata biyu ya wuce, ido ya warke, in ta ga dama ta yi iyo a teku ma. Ni dai na ce wa Inna an sallame mu.

Ana nan sai ɗalibai mata suka shirya rihla, wato fita yawon hutu, zuwa Gardaƙa a bakin Bahar Maliya. Na tafi da Inna, tare da maƙwabciyata ta unguwar Hayyin Ashir, wata Bahaushiyar Sudan mai yawan barkwanci, wadda suka shaƙu da Inna fiye da yadda ni na taɓa shaƙuwa da ita.

Washegari da safe jirgin ruwa ya ɗauke mu zuwa wani tsibiri. Yashi fari fat, ruwan kuma garau, kana hango duwatsun ƙasa. Masu jirgin suka raba gilashin da ake rufe ido da shi, da bututun numfashi, da rigar da ke hana nutsewa. 'Yan ajinmu duk sun zo da dogayen kayan iyo masu rufe jiki har kai. Ni ma na sayi nawa. Guda ɗaya na saya.

Inna 'yar masunta ce. Tana yarinya takan ƙetare reshen kogin Kwara da iyo ta dawo. Amma ruwanmu ja ne, ba ta taɓa ganin kifi a gidansa ba sai a cikin komar masunta. Ta leƙa ta gefen jirgi da sabon idonta, ta daɗe, sannan ta ce wa maƙwabciyata ashe akwai ruwan da ba ya ɓoye komai. Can kuma ta ce gilashin nan ko tsohuwa zai zauna mata a fuska? Maƙwabciyata ta yi dariya, ta ce yalla, wato mu je, ai kifayen ma sai sun tashi sun gaishe ta.

Sai Inna ta ce mata, ba tare da ta dube ni ba, "Tambayi waccan ko akwai wanda ya rage."

Na ga hannunta ya kai gefen zanenta. Na san abin da za ta yi: ɗaurin ƙirji, irin na matan bakin kogi, ta faɗa ruwa a gaban 'yan matan nan da wayoyinsu. Na ji dariyar tun kafin a yi ta. Da na ari kayan wata, ko na ba ta nawa, da an gama. Ban yi ba.

"Likita ya hana," na ce. "Ya ce gishiri zai ɓata aikin."

Maƙwabciyata ta dube ni. Ba ta je asibitin ba, amma ta san ni. Na san da wata uwar ce, da ta ce a kira likitan ta ji. Inna ba za ta ja da ni a gaban mutane ba, kuma da sanin haka na yi. Ta saki zanen, ta ce wa maƙwabciyata to ma'alish, wato ba komai, kalmar da ta koya a wurinta, ta miƙa hannu ta karɓi jakunkunanmu.

Na shiga ruwan. Na ga kifaye shuɗaye da rawaya, da wani mai baki kamar na aku yana gatsar dutse, har ƙarar gatsar ana ji. Duk sanda na ɗago kai, tana nan zaune a inuwar jirgi, jakunkuna a cinya, tana leƙen ruwa. A hanyar komawa ta sa maƙwabciyata ta yi ta kwatanta mata abin da ke ƙasa. Ni ba ta tambaye ni ba.

Na ce a raina baɗi zan dawo da ita, mu biyu kawai. Baɗin ta zo da jarrabawa, ta gaba kuma gwiwoyinta suka ƙi. Bara ta rasu.

A zaman makoki ƙanwarta ta kama hannuna, ta ce Inna ba ta gajiya da ba da labarin tekun nan. Wai takan ce ba don waccan ta yi karatu tana jin Larabci ba, da ta je ta ɓata idonta a ruwan gishiri. Matan da ke ɗakin suka yi ta sa mini albarka. Ni da ba na barin magana a ciki, na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ga wadda ya kamata ta ji ba ta nan. Na ce amin.