Saƙar da Malam Sabo Ya Yi Mini Alkawari

Ina tsugune a gaban akwatin zumata, a bayan gida, wayata ta yi ƙara. Da na ji an ce Malam Sabo ne, sai na yi sauri na ce, "Malam, ka taso?" Ashe Nura ne, babban ɗansa, ya kira da wayar uban. Ya ce, "Baba Tela, Malam ya rasu. Bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa, kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar ne ya yi niyyar tasowa daga Bukuru ya duba mini zumata.

Ni tela ne. Na tsufa a kan keken ɗinki a bakin kasuwar Terminus, har idona ya gaza, zare ya daina shiga allura. A shekarar da na rufe shago mai ɗakina ta rasu, yara kuma sun riga sun watse, wannan a Kaduna, wancan a Abuja. Gida ya yi mini faɗi. Malam Sabo, wanda na daɗe ina ɗinka wa kaftani, ya zo gaisuwa ya tarar da ni a zaure ina kallon bango. Bai yi mini wa'azi ba. Da ya sake dawowa, da akwatin katako ya zo, ya shafe cikinsa da kakin zuma, ya ajiye a gindin bishiyar fiya. Ya ce, "Tela, baƙi za su zo maka. Ka samu abin da zai tashe ka da safe." Ƙudan zuma kuwa suka zo.

Malam ba mai yawan magana ba ne, a hannunsa ake ganin halinsa. Idan ƙudan zuma ɗaya ya faɗa ruwa, sai Malam ya tsaya ya sa kara ya tsamo shi, ko da sauri yake yi. In ya je ɗiba ba ya ƙwalƙwale akwati, yakan ce, "Su suka yi aikin, kai kwasa ka zo yi, bar musu na ci." Manoman hanyar Vom da suka ba shi wurin ajiye akwatuna a gonakinsu, su ne ke fara shan zumar kowace shekara, kuma ba a yin biki ko rasuwa a gidajensu bai je ba. Ni kuwa ban taɓa kiransa ya nuna mini na dame shi ba, alhali na san ina damunsa.

Kafin rasuwarsa da kaɗan zumata ta canja. Ƙuginsu ya zama wani iri, suka yi masifa, masu shigowa da garin fure a ƙafa suka ragu. Hankalina ya tashi, domin ya taɓa gaya mini cewa idan sarauniya ta mutu babu mai yin ƙwai, sai gidan ya yi ta raguwa har ya ƙare. Hanyar ganewa ita ce a duba ƙwai a cikin ramukan saƙar zuma. Na buɗe, na sake buɗewa, ban ga komai ba, ban kuma san ko babu ne ko idona ne ba. Da na faɗa masa a waya sai ya yi dariya. "Kai da ba ka ganin kafar allura, ƙwan zuma za ka gani? Rufe akwatin nan. Duk buɗewar da kake yi don hankalinka ya kwanta, nasu kake tayarwa."

Ya ce zai kawo mini saƙa ɗaya mai sabon ƙwai daga akwatinsa, mu sa a nawa. In suna da sarauniya, za su rene su kawai. In ba su da ita, za su gina ɗakin sarauniya a kai, yana rataye kamar gyaɗa da ɓawonta. "Wannan kam ko kai za ka gani," in ji shi.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki. Kullum ina can, bakina ya yi nauyi. Ta yaya zan ta da maganar ƙudan zuma a gidan da ake kuka? Ga shi akwatunan sun zama gado, akwai haƙƙin ƙananan marayu a ciki, ko tsinke ba ni da ikon ɗauka. In na dawo gida da la'asar sai in zauna a kan dutse ina kallon ƙofar akwatina, masu shige da fice suna ta raguwa. A unguwarmu zuma a kwalba aka sani, babu wanda zan tambaya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan kwanaki ba, ko lokacin da aka fita da gawar matata akwai mutane a tare da ni.

Bayan sadakar bakwai na je yin sallama, Nura ya ce Inna, matar Malam, tana kira. Tana cikin takaba, daga bayan labule ta yi magana. "Malam Tela, ana gobe zai rasu ya ce mini akwai saƙar da zai kai maka. Na faɗa wa kawun yara, ya ce alkawarin mamaci ne, a cika shi kafin a taɓa komai. Ku je da Nura."

Nura direban bas ne, tsoron zuma yake tun yana yaro. Ya sa rigar aikin ubansa, ta yi masa gajarta. Ni na busa hayaƙi na ɗago saƙa, shi ya leƙa.

"Baba, wai me zan duba ne?"

"Wani abu fari ƙanƙane, a tsaye a gindin rami, kamar gutsuren shinkafa."

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ga su nan, Baba, da yawa." A hanyar dawowa ya gaya mini za a sayar da akwatunan ga wani mutumin Vom, tunda babu mai iya aikin a gidan. Ban ga laifinsu ba.

Na sa saƙar a akwatina na rufe, na kame hannuna kamar yadda Malam ya ce. Ranar da na buɗe, sai ga ɗakunan sarauniya a gefen saƙar, a rataye, na gan su da wannan ido nawa. Ashe da gaske ba su da sarauniya, ga shi sun kama renon sabuwa daga ƙwan Malam. Ban san sa'ad da na ce, "Malam, sun gina," da ƙarfi ba. Babu kowa a gidan sai kaji. Na rufe akwatin na zauna na yi kuka. Ko sabuwar sarauniyar za ta fito, ko za ta yi ƙwai, ban sani ba. Abin da ake yi daga nan Malam bai kai ga koya mini ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Sabo, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa tausayin da ya yi wa ƙananan halittunKa ya tsaya masa ranar hisabi. Ka ba Inna haƙuri, Ka raya Nura da ƙannensa, Ka zama gatansu. Ni kuma da ya bari a gaban akwati ɗaya ba mai tambaya, Ka sa in cika da imani idan tawa ta zo. Amin.