Zuciyar Malam Lawali da Tafiyar Makka

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Lawali na Gabi ya shigo likitar Madarunfa, wato ƙaramin asibitinmu, dafe da ƙirji ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikina, wannan zan ba ku. Ku saurara bi da bi, kada wanda ya katse ni.

A farkon shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, lokacin sanyi, an gama kaka ana cinikin gyaɗa. Ni anfirme ne a lokacin, wato ma'aikacin jinya. A samana akwai majo, shugaban likitar. A saman majo akwai lokotoro, babban likita, wanda yake zaune a Maraɗi, muna tura masa duk abin da ya fi ƙarfinmu. Mutanen karkara ba ruwansu da wannan tsari. Duk wanda ya sa farar riga Likita ne, don haka ni ma Likita suke ce mini.

Malam Lawali dattijo ne, manomi, mai ɗan fataucin wake zuwa Ɗan Issa. Ya yi shekaru yana tarin guzuri, a wannan shekarar kuma Allah ya kira shi aikin hajji. An riga an yi masa alluran maniyyata, tafiya ta matso. Ya zauna gabana, fuskarsa duk gumi, ga shi kuwa ana sanyi.

Ya ce, "Likita, zuciyata ce. Sai ta yi ta sukuwa kamar an sako doki, sai ta tsaya cak, sai ta sake zabura. In ta tsaya ɗin nan, wallahi kalmar shahada nake yi."

Na bi ƙa'ida kamar yadda aka koya mana. Na farko, tambaya: ko yana jin ciwon ƙirji, ko ya taɓa suma, ko numfashi yana yanke masa in ya yi tafiya. Ya ce babu. Na ce ko yana cin goro. Ya ce, "Ni ba maciyin goro ba ne, ɗana, kowa ya sani a Gabi." Na biyu, na duba idanunsa ko jini ya yi kaɗan, na latsa ƙafafunsa ko akwai kumburi. Babu. Na uku, na auna tansiyo, wato ƙarfin bugun jini. Daidai. Na huɗu, na sa robar sauraren ƙirji a kunne. Zuciyar tana sauri, kuma jefi-jefi takan tsallake bugu ɗaya. Ba ƙarya ya yi ba.

Na kai wa majo rahoto. Ya ce, "Zuciya ba abin wasa ba ce. Ka raka shi Maraɗi." Muka je. Lokotoro ya duba shi a tsanake, ya ce bai ga lahani a zuciyar ba, kuma bai ga dalilin hana shi tafiya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Akwai abin da ke tsokanarta. Ka bincika abin da yake ci da abin da yake sha. In ya suma ko ƙirji ya yi ciwo, ka dawo da shi nan take."

Na yi murna, na fassara wa Malam Lawali. Shi ko gezau. A mota muna komowa ya ce, "Kun yi magana da Faransanci don kada in ji. Na gane. Ɓoye mini kuke." Yatsunsa biyu suna bisa wuyansa, yana lalubar jijiya. Ya ce ya yanke shawara: bayan Juma'a zai je ya ce a cire sunansa daga cikin maniyyata. "Gara in cika gaban iyalina da in cika a sama cikin jirgi, ba ni gida ba ni Makka."

Abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya yi shekaru yana tanadi, babban likita ya ce ya tafi, tsoro kuma ya ce ya zauna.

Ranar hutuna na hau keke na nufi Gabi. Na ce ko ba komai in yi masa bankwana irin ta mutunci. Na tsaya kasuwa na sayi goro fari mai kyau, don ba a zuwa gaida dattijo hannu sake.

Na tarar da zaurensa cike. Kun san al'ada: wanda zai tafi Makka yana neman gafarar kowa, kowa kuma yana zuwa neman tasa. Na sami gefe na zauna ina kallo. Wani ya shigo, suka gaisa, ya miƙa goro. Malam Lawali ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya tauna a gabansa har ya haɗiye, sannan ya ce, "Na yafe, ka yafe mini." Wannan ya fita, wani ya shigo. Goro. Ya ɓare, ya tauna. Na bayansa ma haka. A ƙofar zaure kuma ga wani Buzu maƙwabcinsa ya hura gawayi, yana ta dafa shayi mai kauri don baƙi, kuma duk zagayen da aka yi sai an fara miƙa wa maigida.

Wallahi sai da na miƙe tsaye ban sani ba. Na tura nawa goron can ƙasan aljihu.

Na ce, "Baba, tun yaushe kake wannan?"

Ya ce, "Tun da labarin tahiyata ya bazu."

"Ba kai ka ce mini ba ka cin goro ba?"

"Ai ba ci nake ba, Likita. Karɓa nake. In mutum ya kawo goron neman gafara na aje shi gefe, zai tahi yana cewa har yanzu akwai abu a raina. Ni kuwa ba ni son in bar kowa da zato."

"Abinci fa?"

"Ina wurin abinci? Baki duk ɗaci."

Na tafa hannu don murna, har mutane suka juyo suna kallona. Na ce, "Baba, na kama ɓarawon! Ba ajali ba ne, ladabinka ne ya yi yawa!"

Amma gano cuta daban, raba mutum da ita daban. Ya ce shi ba zai iya ƙin goron kowa ba, ko da zuciyar za ta fito ta baki. Nan na ce a kira mini yayarsa, Inna Dije, tsohuwa mai faɗa wadda duk Gabi ake shakka. Ta zo tana dogara sanda. Na yi mata bayani cewa goro da shayi mai kauri ba abinci a ciki ne ke tsokanar zuciyar. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Lawali, tun kana yaro haka kake. Ko guba aka ba ka da fara'a sai ka sha ka yi godiya."

Na kafa doka, na faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji. Na ɗaya, Inna Dije za ta zauna bakin zaure da ƙwarya, duk goron da aka kawo ita za ta karɓa, a raba wa baƙi. Laifin kuma a ɗora mini. Na biyu, maimakon goro, a aje fura. Wanda ya zo neman gafara su kurɓa da ludayi ɗaya shi da maigida, shaida ta cika, ciki kuma ya samu abinci. Na uku, shayi ƙaramin kofi ɗaya da safe, marar kauri, don in aka yanke gaba ɗaya kai zai yi ciwo. Na huɗu, ya cire yatsunsa daga wuya. Mai gadin zuciyarsa kowane lokaci tsoro yake ƙara mata, tsoro ya ƙara mata gudu, gudun ya ƙaro tsoro. Na biyar, in ta zabura, ya zauna, ya wanke fuska da ruwan randa mai sanyi, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, yana tasbihi.

Ban bar wurin ba sai da na ga an fara. Wani mahauci ya zo da goronsa, Inna Dije ta tare shi da sanda. "Zuba nan. Likita ya hana. Mai magana ya tahi Madarunfa ya same shi."

Juma'a ta wuce, Malam Lawali bai je cire suna ba. Ranar kasuwa ya zo da kansa, ya ce abin ya ragu ƙwarai, yana barci, har ya ci tuwo ya nemi ƙari. Na saurari ƙirjinsa. Bugu a jere, tiryan-tiryan. Na kai wa majo, shi ma ya saurara, ya ce madalla.

Na ɗauka an gama. Ashe da saura.

Ranar tashin maniyyata da hantsi ina wanke ciwon wata mata, sai ga ƙanen Malam Lawali a guje. "Likita, ya ƙi hawa mota!" Na ɗaure ciwon, na nemi izinin majo, na saƙala robar saurare a wuya, na taka keke kamar ana korata. A tasha ga kamyo, wato babbar mota, ya cika da maniyyata, mata suna guɗa, direba yana ta danna oda. Malam Lawali yana zaune bisa buhun guzurinsa, ya jiƙa fuska da ruwan buta.

"Ta dawo, Likita. Ban ci goro ba, wallahi ko ɓari. Ka gani? Ashe ba goron ba ne."

Ko a nan ban tsallake ƙa'ida ba. Ciwon ƙirji? Babu. Jiri? Babu. Na saurara. Tana sauri, amma a jere take, ba tsallake. Na san in na ce lafiya lau ba zai yarda ba, don ya riga ya sa a ransa muna ɓoye masa. Sai na cire robar daga kunnena na sa a nasa. Na ɗora bakinta a ƙirjinsa na ce, "Ji taka." Ya zaro ido. Sannan na buɗe farar rigata na ɗora a nawa ƙirjin, ni da na sha gudu da keke ga kuma zumuɗi.

Ya kasa kunne. Can sai ya ce da ƙarfi, don kunnensa a toshe yake, "Kai! Likita, taka ta fi tawa gudu!"

Na ce, "Ga ni kuma tsaye. Baba, yau za ka kama hanyar Ɗakin Allah. Zuciyar da ba ta yi sauri yau ba, ita ce abin dubawa."

Wani tsoho daga cikin mota ya leƙo ya ce, "A sa masa tawa ya ji, tun asuba take kiɗan kalangu!" Tasha ta ɗauki dariya. Malam Lawali ma ya yi dariya har da hawaye. Ya miƙe, ya cire robar ya ba ni, ya ce bismillah, ya kama ƙarfen mota. Hannaye suka ja shi sama. Mota ta tashi yana ɗaga mini hannu. Ya sauke farali, ya dawo Alhaji, ya yi shekaru masu yawa bayan haka yana nomansa.

Ga abin da na koya, ku riƙe. Duk wanda ya zo da bugun zuciya, a duba shi da gaske, a kai shi gaban wanda ya fi mu sani, kada a ce masa tsoro ne kawai. In an tabbatar babu lahani, aiki bai ƙare ba, don tsoron ma ciwo ne, kuma ba ya jin "lafiya lau" sai an nuna masa. Sannan mutanenmu ba ƙarya suke yi mana ba in mun tambaye su. Abin da suke yi don kunya da zumunci ba sa lissafa shi cikin ci da sha. Wanda ya zauna bayan tebur yana jiran amsa ba zai taɓa jin wannan ba. Sai ya tashi ya je zauren.