Tarin Tokuji

Ina cikin wanke shinkafa matar Tokuji ta bugo waya ta ce ya rasu.

Shekara arba'in abokina Tokuji ya yi a garin Wajima na ƙasar Japan yana zana tsuntsaye a jikin alƙaluma. Yakan zana da ƙaron itacen urushi, ya riƙe numfashi, ya barbaɗa garin zinariya mai laushi kamar toka. Da ciwon ƙirji ya kama shi, wata rana tari ya ƙwace masa, zinariyar ta watse. Maigidansa ya ce a gaban kowa, "Tsoho, tafi gida ka yi tarinka."

A asibiti na tarar yana danne tari har da hawaye.

Na ce, "Saki mana, ɗan'uwa, babu zinariya a nan."

Ya ce, "Heizo, kunya nake ji."