Shafin da Aka Gina da Tebur

Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ɗaukewa, a shekarar da citta ta ruɓe mana a ƙasa. Kowa a Kafanchan fuska a ɗaure, ko a coci waƙa ba ta tashi yadda ta saba. A lokacin ne 'yata ta biyu ta gama karatunta a kwalejin Gidan Waya, ta dawo gida da tsohuwar laftof, ba aiki.

Cocinmu yana da shafi a intanet. Wani dattijon ikilisiya ne ya gina shi shekarun baya, mai shagon fotokofi kusa da tasha. Tun daga nan ake kiransa Injiniya, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Ran nan 'yata ta buɗe shafin, ta ja tsaki.

"Mama, da tebur fa ya yi shi. Tebur cikin tebur cikin tebur."

Na ce, "To in teburinsa ne ya lalace, ba sai a kira kafinta ba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta huce ta ɗauko takarda ta ja layuka, na tsaye da na kwance, kamar rajistar makaranta. Ta ce wannan shi ne tebur a wurinsu. Mutumin ya yanka shafin gida-gida, ya cusa hoto a nan, rubutu a can, kowane gida da launinsa da faɗinsa a ƙulle. Shi ya sa ba ya shiga waya.

Wannan kam na sani. Ina da 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka karatu ba abin wasa ba ne a wurina. Amma in na buɗe shafin nan a wayata, baƙaƙen kamar tsabar acca. In na ƙara musu girma, sai in yi ta jan layi da yatsa, hagu, dama, kafin in kai ƙarshen aya na manta farkonta. Na daɗe ina zargin idona, ashe aikin Injiniya ne.

Mako biyu ta yi tana sake ginawa. Ta ce a nata, magana tana gefe, ado yana gefe, a wata takarda guda da suke kira si-es-es. Na ce ta yi mini da Hausa. Ta ce kamar zanen zumuntar mata ne: shugabanni su zaɓa sau ɗaya, kowace mace ta ɗaura, ba a bin gida-gida ana rini. Burinta kwamitin coci ya karɓa, ta samu aikin hannunta da za ta nuna in ta je neman aiki Kaduna. Ba ta da wani abin nunawa sai shi.

Bayan sujada aka zauna a ofishin Rabaran. Ni ina ciki a madadin zumuntar mata. Injiniya ya zo da tabarau biyu, ɗaya a ido, ɗaya a goshi.

Ya dubi 'yata ya ce, "Yarinya, lokacin da na fara taɓa kwamfuta, ana goya ki. Tebur ya fi ƙarfi. Abin da ka sa a tebur ba ya motsi."

"Shi ne damuwar, Baba. A waya ya kamata ya motsa."

"Wanda yake so ya gani da kyau ya zo shago, akwai babban sikirin."

Ya yi ta tone-tone a aikinta kamar kaza a bola, can ya buga cinya. "Ahaf! Ga shi! Ke ma tebur!"

"Baba, jerin masu wa'azi ne, rana da suna. Wannan ai shi ne aikin tebur."

"Kun ji? Ta yarda."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ko a gida. Na ce, "Baba Rabaran, a yi mini haƙuri. Mu mata muna roƙo, kan maganar nan da aka rubuta da ja, a mai da shi shuɗi irin na zanenmu. Kowa ya gwada a nasa mu gani."

Injiniya ya ce, "Ƙaramin abu, Mama." Ya sauko da tabarau na biyu ya hau kai. Gida-gida yake bi, yana gogewa yana rubutawa, harshe a waje. Ya gyara biyar, a na shida ya goge abin da ba shi ba, hoton Rabaran ya zame ya faɗa can ƙasa, gefen sanarwar jana'iza.

Ya ce, "Netiwok ne."

'Yata ta canja kalma ɗaya a takardarta, duk shafin ya amsa. Ta miƙa mini waya, na karanta musu ayar mako daga farko har ƙarshe ba tare da na ja komai ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai sakatare ya yi gyaran murya, ya ce Injiniya ya daɗe yana bauta wa Ubangiji da baiwarsa, bai kamata a kunyata babba ba. Wani ya ce amin. Rabaran ya kalli silin ya yanke: tsohon shafi zai zauna, yarinya za ta riƙa zuwa shago tana koyo a wurin dattijo. Maza shida masu takardun makaranta, idonsu ya gani sarai, amma ba wanda ya tsaya wa yarinya. Injiniya har da dafa mata kai, wai zai nuna mata sirrin tebur.

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe laftof ta ce, "Na gode, Baba."

Washegari da sassafe na tashe ta, na ce ta ɗauko laftof. Muka tarar da shugabar zumunta tana shirin tafiya gona. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ban taɓa jin inda aka rubuta cewa sai kwamiti ya yarda kafin mata su yi shafin kansu ba." Ta ajiye fartanya, ta jawo wa 'yata kujera, ta ce, "Zauna, 'yata. Me da me kike so in kawo?"