Layar Ƙaiƙayi a Ƙotar Raket

Ni baduku ne, ɗan baduku, haifaffen Kurfi. Kafin in lalace babu abin da na sani sai fata da basilla. Ina ɗinka takalma da kuben wuƙa, ina kuma rufe layu idan malamai sun rubuta an kawo. Ranar kasuwa in ɗauki kayana zuwa Dutsin-Ma, in dawo da abin cefane. Ba ni da arziki, amma ba wanda ya taɓa nuna ni da baki. Ku yara masu karanta wannan, ku yi dariya inda ya kamata, ni ma yanzu ina yi, amma ku saurara har ƙarshe.

Gab da samun mulkin kai aka share wani fili a Dutsin-Ma, bayan gidajen ma'aikata, aka daɓe shi da jar ƙasa, aka ɗaura raga a tsakiya. Nan malaman makaranta da akawuna suke buga tanis da yamma. Mu mutanen gari mamaki muke yi, manyan mutane da gajeren wando suna bin ƙwallo ɗaya kamar an aike su. Wanda ya fi kowa iyawa shi ne Malam Isiyaku, malamin makaranta, mutumin Karofi. Kullum bayan la'asar yana filin, ko babu abokin wasa sai ya yi ta bugawa shi kaɗai har magariba.

Shi ya fara kawo mini raket ɗinsa, abin da ake dukan ƙwallon da shi, don fatar ƙotar ta sule. Na naɗe masa da jar fatar akuya mai laushi. Ya ji daɗin riƙon, ya gaya wa abokansa, cikin ɗan lokaci duk raket ɗin garin ya bi ta hannuna. Har saƙar tsarkiyar, wato zaren da ke tsakiyar raket ɗin, shi ya koya mini, da haƙuri, a zauren gidansa.

Ga yadda ɓarnar ta fara. Wani akawu mai suna Lawal ya kawo nasa, ina sauri na bar fatar ta ninke a ciki, ta yi ɗan tudu a ƙarƙashin riƙon. Ran nan Lawal ya ci wani da bai taɓa ci ba. Ranar kasuwa ya zo rumfata yana waige-waige, ya rage murya ya ce, “Baduku, mi ka sa mani a ciki?” Amsar gaskiya ita ce ganda na yi wa aikin. Sai na tsinci kaina ina murmushi, na ce, “Akawu, irin wannan ba a faɗi.” Ya ajiye mini goro da abin da ya fi ladan ɗinkin nesa ba kusa ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Kafin wata ya mutu kowa yana son tudu a ƙotarsa. Ni ko alif ban iya rubutawa ba, saboda haka sai in ƙulle ƙaiƙayin gero a guntun fata, in tura ƙarƙashin naɗin. Kowa kuma ina ba shi sharaɗi a ɓoye: kada ya shiga fili da ƙafar hagu, kada wani ya tsallake raket ɗin, kada ya ci wake ranar wasa. Wanda ya ci wasa ya zo godiya. Wanda aka ci ya zo ƙorafi, in tambaye shi me ya karya da shi da safe, ya ce ƙosai, in riƙe baki. A ƙasarmu ina za ka sami wanda zai wuni bai haɗu da wake ba? Shi da kansa zai ba ni haƙuri ya sake biya.

Malam Isiyaku kaɗai bai taɓa nema ba. In ya ji zancen sai ya yi dariya ya ɗauki ƙwallayensa ya nufi fili.

Bayan samun mulkin kai aka sanar za a yi gasar maza ta mutum da mutum a filin nan, duk wanda aka ci ya fita. 'Yan wasa za su zo daga Katsina da Funtuwa da Malumfashi. Wanda ya zo na ɗaya za a tura shi Kaduna, ya kara da waɗanda tanis ne sana'arsu. Na zauna na yi tunani, na ga babu sana'ar da ta kai tawa albarka, domin in kowa nawa ne, kowane wasa nawa ne zai ci.

Malam Isiyaku ya doshi arba'in a lokacin, kuma ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Duk rayuwarsa burinsa ya buga a babban fili sau ɗaya. Da ya ga kowa yana ta shiga rumfata yana fita, sai zuciyarsa ta raunana. Ya zo da hantsi, ya zauna a kan buzuna, ya ce, “Baduku, ni na kawo ka cikin harkar ga. Ka gaya mani tsakaninka da Allah, abin nan yana aiki?”

Na dube shi, na dubi kekensa sabo da ya jingine a bakin rumfa. Na ce, “Malam, naka ma daban zan yi.”

Ya bar mini keken. Ban tsaya nan ba. Raket ɗinsa yana da tsarkiyar Ingila mai kyau, kuma wani ɗan Funtuwa ya daɗe yana neman irinta. Na kwance na sayar masa. Don in sami lokacin murza wata da hanjin akuya ta bushe, sai na ce wa Malam babban aiki yana bukatar raket ɗin ya kwana wata guda a wurina, kuma shi kada ya taɓa ƙwallo sai ranar gasa. Mutumin da bai taɓa fashin fili ba ya yi wata cur yana zaune a ƙofar gida da la'asar, don ni na ce.

Ranar gasa gari ya cika. Duk da zaman da ya yi, Malam ya yi ta cin mutane da tsohuwar gwanintarsa, sai dai yana haki, ƙudaje kuma suna bin raket ɗinsa ko'ina saboda ƙarnin hanji. Ya kai wasan ƙarshe, shi da Lawal akawu. Na zauna gindin wata bishiyar bedi, in Lawal ya waigo in gyaɗa masa kai, in Malam ya waigo in gyaɗa masa kai.

Wasa ya yi zafi, Malam yana gaba kaɗan, saura ƙiris. Lawal ya turo wata ƙwallo mai ƙarfi, Malam ya tare, tsarkiyata ta tsinke, ƙwallon ta wuce ta tsakiyar raket kamar ta taga. Aka ara masa na wani, bai saba da shi ba, ga numfashinsa ya ƙare. Lawal ya cinye.

Malam ya ɗauko nasa raket ɗin. Ya zauna a bakin fili, ya duba tsinkakkiyar tsarkiyar, ya sansana, sannan ya sa farce ya kwance fatar ƙotar a gaban jama'a. Ƙaiƙayi ya zubo. Wata kaza ta zo ta tona ta ga babu ko ƙwaya, ta wuce abinta. Nan kowa ya shiga kwance nasa, filin ya koma kamar masussuka. Wanda ya fi kowa fushi shi ne Lawal, da kofin gasar a hannunsa. 'Yan doka suka kama ni kafin in kai ga keken.

A gaban alƙali aka tambaye ni wace aya na sa a ciki. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, gero ne.” Ya ce, “Ko geron ma ka hana su.” Kotu ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗaure ni saboda damfara da sata, ya sa aka mayar da keken. A gidan yari a Katsina na yi ta ɗinke wa gandirobobi takalma kyauta, kuma a can na fara jin kunyar da ya kamata in ji tun a rumfata. Na tuba ga Allah, na yi alkawarin in na fita zan nemi gafarar mutum ɗaya kafin in shiga gida.

Da aka sake ni na tafi Karofi a ƙasa. Na sami Malam Isiyaku an mayar da shi makarantar garinsu, yana ɗan ɗingishi. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da wanda na sayar wa tsarkiyar. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka kawo mini fura, ya ce, “Tashi, Baduku, na yafe. Ni ma da wayona na ba ka.” Can ya ƙara da cewa, “Lawal ya ce filin Kaduna har da wurin zaman 'yan kallo hawa-hawa. Na so in gani.”

Na koma Kurfi na ci gaba da dukanci, kuma tun daga lokacin in na ɓata aiki sai in ce na ɓata. Yara, ba da babbar sata na fara ba, da murmushi na fara a inda ya kamata in ce kuskure na yi. Idan wanda ya amince da ku ya zauna a gabanku ya tambaye ku gaskiya, ku faɗa masa a lokacin, tun tana da amfani gare shi. Ni na faɗa wa Malam Isiyaku tawa bayan gwiwarsa ta lalace, kuma ba a sake kiransa gasa ko'ina ba.