Salihu Kaska da Bijimin Hamman

Shekara goma sha ɗaya Salihu ya yi yana buga ƙwallon kwando a gasar ƙasa, amma Hafsat, da gidansu ke kallon shagonsa a Ƙofar 'Yandaka, ba ta san haka ba sai makon jiya. Ita dai Malam Salihu mai takalman gwanjo ta sani, mutum mai ɗan ɗingishi, wanda gaisuwarsa ta fi cinikinsa tsawo.

Ba laifinta ba ne. Jarida sunan mai zura ƙwallo take bugawa, shi kuwa aikinsa hana zurawa. Duk ɗan wasan da ya gagari kowa, shi koci ke miƙa wa, ya manne masa har a tashi, mai cin maki ashirin ya koma gida da huɗu. Shi ya sa abokan wasansa suka sa masa Kaska. Ba shi da tsawo, tsallensa ma ba wani abin kirki ba ne. Ba ya kallon idon mutum ko ƙwallon da ke hannunsa, ƙugu yake kallo, don ba a yaudara da shi. Ba ya kuma kai wawura. Sai ya toshe hanyar da kake so, ya bar maka wadda shi ya zaɓa. Da gwiwarsa ta hagu ta gaji, ya dawo gida ya kasa takalma.

Ran Alhamis da hantsi Hafsat ta fito da kakarta, Hajiya Delu. Tun da ta gama jami'a take jiran kiran bautar ƙasa, aikinta ke nan kullum. Ɓarin jikin Hajiya na dama ya shanye bara, likita ya ce ta riƙa takawa daga ƙofar gida zuwa ƙarshen lungu ta dawo.

Sun kai tsakiyar lungun sai ihu ya tashi: "Sa ya ƙwace! Sa ya ƙwace!"

Wani makiyayi ne, Hamman, ya kawo wa mahauci bijimi, ƙarar babur ta firgita shi ya tsinke igiya. Kafin Hafsat ta waiga, kowa ya faɗa zaure. Inda suke kuwa katanga ce hagu da dama. Ta yunƙura ta ɗauki Hajiya, ta kasa.

"Ke sake ni ki gudu," in ji tsohuwar.

"Wallahi ba inda za ni."

Sai ta ga bayan mutum a gabanta. Malam Salihu ne, ba ko takalmi a ƙafarsa. Ya lanƙwasa gwiwa, ya buɗe hannuwa, ya yi ƙasa kamar mai shirin zama.

"Malam, kauce!" Hamman ya ƙwalla daga nesa. "Wannan ba ya jin magana!"

"Ni ma haka koci ke ce mini. Hafsat, kar ki motsa. Kangon Alhaji Ɗanjuma a buɗe yake?"

Kangon yana gefen hagu, tsakaninsu da bijimin, an kewaye shi ba a sa ƙofa ba. Da ƙyar ta ce e.

Bijimin ya tsaya yana huci, yana tonon ƙasa. Ya karkata dama, Salihu ya ja ƙafa ya riga shi. Ya dawo tsakiya, ya same shi a nan. Ƙahon nan Hafsat take kallo, shi kuwa idonsa na kan kafaɗar san. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa: "Nan a rufe yake, mutumina. Nan ma. Ga hanya can." Sau uku suna haka. A na huɗu san ya sunkuyar da kai ya taho. Salihu ya buga tafi, ya matso taku ɗaya ta dama, bijimin ya goce hagu ya faɗa kangon. Ƙahonsa ya tafi da hannun rigar Salihu.

Hamman da mahauta suka tare bakin kangon da katako.

Sai a lokacin gwiwar Salihu ta ƙi ɗaukarsa, ya zauna daɓas a ƙasa. Hafsat ta so ta yi godiya, kuka ya riga ta.

"Mi ne na kuka kuma?" in ji Hajiya Delu. Ta ƙura wa Salihu ido. "Kai ba ɗan wajen Zainabu ba ne, wanga da ya bar makaranta ya bi ƙwallo?"

"Ni ne, Hajiya."

"Har faɗa na yi mata a kanka. To, Allah shi yi maka albarka. Tashi ka riƙe ni, kada wagga yarinya ta kayar da ni."

"A koma gida ko?" Hafsat ta tambaya tana share ido.

"Gida? Ƙarshen lungu likita ya ce."

Salihu ya dafa katanga ya miƙe, ya tsaya ta damar Hajiya. Su biyun suna ɗingishi, Hafsat na biye tana alhamdu lillahi a ranta, har suka kai ƙarshen lungun.